Mustang GT ta 2006 mai ɗan gyara: a juyi nawa ya kamata in rinƙa canza giya?

Mai Mustang: Salamu alaikum 'yan guruf. Ina da Mustang GT ta 2006, inji 4.6 V8, manuwal mai giya biyar, giyar aksul (giyar da ke tsakanin tayoyin baya) 3.55 yadda ta fito daga kamfani. Gyaran da na yi mata ba wani mai yawa ba ne, na canza bututun shan iska, na sa salansa mai faɗi, sannan aka yi wa kwamfutar sabon saiti. Cikin inji ban taɓa komai ba. Zan kai ta filin tseren kwatan mil, to shi ne nake so in ji daga bakin masana, a juyin inji nawa a minti zan rinƙa sa giya ta gaba? Wani ya ce min 4500 tunda nan ne tok, wato ƙarfin murɗawar inji, ya fi yawa, wani kuma ya ce in bar allura ta shiga ja tukuna, ni dai kaina ya ɗaure.

Sarkin Totur: Wa alaikumus salam. Ka take ta kawai malam, sai ka ji limita (abin da ke hana inji wuce iyakar juyi) ta fara tari sannan ka canza, ai ba don ado aka sa jan layin nan ba hhh

Tsohon Makaniki: Kai yaro ka rufa wa mutum asiri. Inji V8 ba injin babur ba ne da za a yi ta ƙure masa wuya. Ƙarfin irin waɗannan motocin a ƙasa yake. Ita wannan 4.6 ɗin tok ɗinta mafi yawa a juyi 4500 yake, to in ka wuce 5000 ka canza, hayaniya kawai kake yi a sama ba gudu ba. Mu da muka taso da manyan injuna haka muka san abin.

Ɗan Lissafi: Baba da girmanka, amma a nan zan ɗan saɓa maka. Abin da ke tura mota gaba shi ne tok ɗin da ya isa taya bayan giya ta ninka shi, wanda ke fitowa daga inji rabin labari ne kawai. Bari mu ɗauki lambobin motar yadda Ford suka fitar: ƙarfin doki 300 a juyi 5750, tok 320 a juyi 4500 a ma'aunin Amurka. Giyabos ɗinta Tremec TR-3650 ne, giya ɗaya 3.38, giya biyu 2.00, giya uku 1.32, giya huɗu 1.00, ta biyar mu bar ta don ta tafiyar hanya ce.

To a juyi 5750 tok ya sauka, gaskiya ne, ya koma wajen 274. Amma a giya ɗaya kake, 274 sau 3.38 ya ba ka 926. Yanzu ka sa giya biyu, ko da a ce ka faɗa daidai inda tok ya fi yawa, 320 sau 2.00, 640 ke nan. Ka gani? Injin da kake cewa ya gaji a giya ɗaya har yanzu ya fi injin da ke kan ganiyarsa a giya biyu jan mota da kusan rabi. In ka canza a 4500 ko 5000 ka yar da wannan ƙarfin a banza.

Mai Mustang: Tsaya tukuna, ina ka samo 274 ɗin nan?

Ɗan Lissafi: Doki ai tok ne sau juyi a raba da 5252. In ka juya lissafin, 300 sau 5252 a raba da 5750, zai ba ka 274. Shi ya sa ma in ka duba takardar daino (na'urar auna ƙarfin inji) ta Amurka layin doki da layin tok kullum a juyi 5252 suke haɗuwa, ko wane inji ne.

Tsohon Makaniki: Lissafi daban, titi daban.

Ɗan Lissafi: Baba ai titin ma lissafin yake bi 😄 Bari in ƙarasa. Giya biyu zuwa uku: 274 sau 2.00 shi ne 548, giya uku iyakar abin da za ta iya bayarwa 320 sau 1.32, wato 422. Nan ma da sauran tazara. Inda abin ya fara matsewa shi ne uku zuwa huɗu: 274 sau 1.32 ya zama 362, giya huɗu kuma tana iya ba da har 320. In ka ci gaba da hawa tok na ci gaba da zubewa, da zarar ya sauka wajen 240 to giya uku ba ta fi ta huɗu komai ba, nan ne wurin canji. Don haka babu lamba ɗaya da za ta yi wa duk giyoyi. Ta ɗaya da ta biyu a wannan motar kusan sai ka kai bakin limita, ta uku ce ke buƙatar a duba takardar daino.

Sarkin Totur: To ai maganata ce ta fito, na ce a take ta

Ɗan Lissafi: A'a oga, kai cewa ka yi sai limita ta yi tari. In limita ta kama, kwamfuta ta yanke wa inji fetur ko wuta ke nan, mota ta daina ja a daidai lokacin da kake neman kowane ɗigon ƙarfi. Gara ka canza da saura juyi 200 da ka daki limita sau ɗaya.

Mai Camaro: Ni abin da nake ganin ba a faɗa ba shi ne inda allura ke faɗawa bayan canjin. Mutane na kallon inda suka bar giya, ba sa kallon inda suka sauka. A giyabos ɗinka ɗan'uwa tazarar ɗaya zuwa biyu babba ce sosai, 2.00 a raba da 3.38 kusan 0.59 ne. Ka canza a 6000 ka sauka 3550. Ka canza a 5000 kamar yadda Baba ya ce ka sauka ƙasa da 3000, wlh a nan za ka ji motar ta yi nauyi kamar an ɗaura mata tirela, sai ta yi ta nishi kafin ta dawo hayyacinta, kuma wanda ke gefenka ya riga ya tafi. Biyu zuwa uku daga 6000 za ka sauka 3960, uku zuwa huɗu kuma 4545, ka ga wannan ta ƙarshen daidai kan tok take ajiye ka.

Tsohon Makaniki: To ku ji ni da kyau, ban ce lissafinku ƙarya ba ne, amma ku san daga ina maganata ta fito. Buick GS 455 ta 1970 tok 510 take bayarwa a juyi 2800 kacal, dokinta kuma a 4600 yake ƙurewa. Wannan in ka kai ta 6000 me kake nema? Iska ba ta shiga, bawul na shawagi, sai dai ka tara ƙarafa a ƙasa. Ita Chevelle SS 454 LS6 ta shekarar ta fi son sama, doki 450 a 5600, amma giyabos ɗin Muncie M22 da ake sa mata giyoyinsa a kusa da juna suke, 2.20, 1.64, 1.28, 1.00, ko ka canza da wuri ba ka faɗuwa rami. Ko Mustang 5.0 ta ƙarshen shekarun 1980 mai doki 225 da ɗan wuce 4000 take ƙure ƙarfinta, in ka haura 5000 da yawa ihu kawai take.

Mai Camaro: Wannan gaskiya ne Baba, kuma ka kawo hujjar da kanka. M22 daga ɗaya zuwa biyu kashi 75 cikin ɗari na juyi ke saura, tasa kuma kashi 59. Ba za a ba su shawara iri ɗaya ba. Kuma injinsa mai bawul uku ne a kowace silinda, da kam (sandar da ke buɗe bawul) a sama, yana numfashi a sama fiye da waɗancan tsofaffin.

Tsohon Makaniki: Na ji. Amma dai motar ta kusa shekara ashirin, sifirin ɗin bawul ba sabo ba ne, famfon mai ba sabo ba ne. Ku kuna lissafi a waya, shi ne zai biya kuɗin gyara.

Mai Mustang: Baba wannan maganar ta shige ni 😅 To mai saitin ya ce ya ɗaga min limita sama da yadda kamfani suka sa, ya ce yanzu zan iya kaiwa 6500. In je can ɗin ko kuwa?

Ɗan Lissafi: Ɗaga limita ba ya ƙara doki ko ɗaya, ƙofa kawai ya buɗe maka. Tambayar ita ce akwai wani abu a bayan ƙofar? Bututun iska da salansa da saiti suna ɗan ƙara ƙarfi, amma kam ɗinka na kamfani ne, kan silinda na kamfani ne, su ne ke yanke hukuncin inda inji ke daina numfashi. Galibi irin wannan gyaran ɗaga layin yake yi sama kaɗan, ba ya matsar da ƙololuwar zuwa dama sosai. Da aka yi saitin an hau daino? In an hau ka nemi takardar, kuma ka duba har juyi nawa aka ja, don wasu da sun ga doki ya fara sauka suke ɗage ƙafa, alhali abin da ke bayan ƙololuwar shi muke nema.

Mai Mustang: Ba a hau ba gaskiya, saitin da ake lodawa da 'yar na'urar hannu ne

Ɗan Lissafi: To ka hau. Ka ce a ja a giya huɗu tunda ita ce 1.00, daga ƙasa har kusa da limita. In ka samu takardar ga hanya mafi sauƙi, ba sai ka yi ta ninka tok ba: ka zaɓi juyi, a ce 6000, ka karanta dokin wurin. Ka ninka 6000 da 0.758, ka karanta dokin 4545. In na 6000 ya fi yawa, ka matsa gaba zuwa 6200 ka sake. Inda biyun suka zo daidai nan ne wurin canjin uku zuwa huɗu. Ta ɗaya zuwa biyu ka yi da 0.592, biyu zuwa uku da 0.66. Za ka ga a giyoyin ƙasa ba za su ma haɗu ba kafin limita, to a nan lafiyar inji ce za ta tsayar da kai ba lissafi ba, kuma a wannan gaɓar ina tare da Baba, ɗan ƙarin juyin da aka buɗe maka a giya ɗaya abin da zai ba ka bai taka kara ya karya ba.

Mai Jar Challenger: Ni ina karanta ku ina dariya, tawa otomatik ce mai giya takwas, ita ke canza abinta ni dai riƙe sitiyari ne nawa. Amma bari in sa baki ɗaya. Duk kuna magana kamar mutum na iya canzawa a daidai lambar da ya so. A giya ɗaya allura gudu take kamar me, kuma agogon juyi na kamfani yana ɗan makara, abin da yake nuna maka ya riga ya wuce. Ka ƙara da lokacin da ido zai gani ƙafa ta motsa. A ce juyi na hawa 1500 a daƙiƙa ɗaya, kai kuma ka makara da kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa, 300 ke nan ta ƙaru ba ka sani ba. Don haka in 6200 kake nufi a giya ɗaya to tun allura na wajen 5800 ko 5900 za ka fara motsi. A giya uku kuma hawan a hankali ne, kana iya jira har kusa da lambar.

Mai Camaro: Hajiya kin gama magana. Shi ya sa ake sa fitilar canji, kuma mai kyau tana bari ka sa wa kowace giya lambarta. Idonka na kan hanya, haske ya kama, hannu ya tafi.

Sarkin Totur: Ni kunne na nake bi, ba na buƙatar wata fitila

Mai Jar Challenger: Da hular kwano a kanka, ga wata mota mai buɗaɗɗen salansa a layin gefe tana ruri, wane kunne? Injin wani za ka ji ka canza giyarka 😂

Mai Mustang: Af, hular dole ce?

Mai Jar Challenger: A dokar NHRA, hukumar irin wannan tseren a Amurka, in motarka na gama kwatan mil a daƙiƙa 13.99 ko ƙasa da haka dole ne, kuma irin taka tana iya shiga nan in ka iya tashi. Wasu filayen ma kowa suke sa wa. Ka tafi da ita kawai.

Mai Camaro: Akwai wani abu da ya fi duk wannan muhimmanci a motarka musamman, kuma ba wanda ya taɓo shi. Wace taya ce a baya?

Mai Mustang: 235/55 rim 17, ta kamfani

Mai Camaro: Yauwa. Tsayin wannan tayar wajen inci 27 ne. Da aksul 3.55, giya uku a juyi 6000 tana kai ka kusan mil 103 a awa, wato wajen kilomita 166, a 6250 kuma kusan mil 108. To irin motarka a kusa da nan take tsallaka layin ƙarshe. Ka ga ainihin tambayarka ta koma: in sa giya huɗu ko in ƙarasa a uku? In layin na gabanka da 'yan mitoci kuma allura na 6000, kar ka taɓa giyar nan, lokacin da za ka ɓata kana taka kuloci ba za ka maido shi ba kafin layi, ko da lissafin Ɗan Lissafi ya ce huɗu ta fara fin uku ja. A nan ne ma ɗaga limitar da aka yi maka zai yi amfani, ba a giya ɗaya ba, don ya bar ka ka tsallaka ba tare da inji ya yanke ba.

Ɗan Lissafi: Haka ne, lissafina yana ɗauka cewa canji ba ya cin lokaci, alhali yana ci. Canji biyu ya fi canji uku in dai ba ka daki limita ba.

Sarkin Totur: To ya sa aksul 4.10 mana, kowa shi yake sawa

Mai Camaro: In ya sa 4.10 giya uku za ta ƙare a wajen mil 93 a juyi 6250, dole sai ya shiga huɗu, amma zai shiga da wuri yadda huɗun za ta samu filin yin aiki. Wanda ke da ɗan rikici shi ne 3.73, uku na ƙarewa wajen mil 102 ko 103, wato daidai bakin layi, ka canza ka yi asara ka ƙi canzawa ka daki limita. Amma lura, canza aksul ba ya canza juyin da ya kamata ka canza giya, tazarar tsakanin giyoyi tana nan yadda take, gudun da kake kai a lokacin ne kawai ke sauyawa. Mutane da yawa na rikita wannan.

Tsohon Makaniki: Tunda kun ƙi jin maganata kan juyi to ku ji wannan. Abin da na fi ganin yana kashe inji a filin nan ba 6200 ba ne, hannu ne. Mutum na giya uku a 6000, zumuɗi ya kwashe shi, ya fizgo sandar giya zuwa jikinsa maimakon ya ja ta miƙe baya, ta faɗa biyu, ya saki kuloci. Ku masu lissafi ku faɗa masa juyi nawa ke nan.

Ɗan Lissafi: 6000 sau 2.00 a raba da 1.32... sama da 9000 😬

Tsohon Makaniki: To. Kuma limita ba ta da abin yi a nan, don ba fetur ne ke juya injin ba, taya ce ke juya shi ta baya. Bawul ya gaisa da fistin, shi ke nan. Na buɗe irin wannan injin, bawul sun lanƙwashe, kan fistin duk shaidar duka. In za ka sa huɗu ka juya tafin hannunka ya kalli waje, ka ja baya kana ɗan turawa nesa da kai. In za ka sa uku daga biyu kar ka damƙe sandar, ka tura da tafin hannu gaba, sifirin ɗin ciki da kansa zai kai ta tsakiya. Kuma in ka ji ta ƙi shiga kar ka saki kuloci don jin kunyar 'yan kallo.

Mai Mustang: Allah ya saka da alheri Baba, wannan ban taɓa tunaninsa ba. Batun canzawa ba tare da ɗaga ƙafa daga totur ba fa? Na ga ana yi a bidiyo

Tsohon Makaniki: Ana yi, kuma ana sayen sinkuro, zoben nan na cikin giyabos da ke daidaita shigar giya. Kar ka fara.

Mai Camaro: Yana rage lokaci kam ba ƙarya, amma ba na ranar farko ba ne. Kuma da tayar titi in ka buga giya biyu da ƙarfi haka taya za ta yi ta juyawa a banza ko bayan motar ya fara tsalle, in ka ji tsallen nan ka sassauta nan take don shi ke karya kayan aksul. Wani lokacin ma in filin ba ya riƙe taya, canzawa zuwa biyu da ɗan wuri ya fi, don ƙarfin 926 ɗin da aka lissafa maka ba shi da amfani in taya ba ta kama ƙasa ba.

Mai Jar Challenger: In an ba ka takardar lokaci kar ka tsaya kan lambar ƙarshe kaɗai. Ka fara duba ta ƙafa 60, wato lokacin da ka ɗauka kafin ka ci ƙafa 60 na farko, ita ke nuna yadda ka tashi. In kana gwada wurin canji to ka kwatanta zagayen da ƙafa 60 ɗinsu ta zo kusan ɗaya, in ba haka ba za ka ɗauka 6200 ce ta taimake ka alhali tashi ne ya yi kyau. Hanya mafi tsabta ka cire lokacin ƙafa 60 daga lokacin ƙarshe, abin da ya rage shi ne aikin giyoyinka. Kuma abu ɗaya za ka rinƙa canzawa a kowane zagaye, ka rubuta a bayan takardar da biro tun kana tunawa.

Ɗan Lissafi: Ka kuma bar inji ya huce tsakanin zagaye. In iskar da ke shiga ta yi zafi kwamfuta na ja da wuta baya, doki ya ragu, sai ka ɗora wa wurin canji laifin da ba nasa ba. Zagayen rana tsaka da na bayan faɗuwar rana ba a haɗa su. 'Yar na'urar da aka loda saitin da ita, yawancinsu na iya ɗaukar bayanan inji yayin tafiya, ka kunna, za ta nuna maka ainihin juyin da ka canza ba wanda kake zato ba, da ko inji na ƙwanƙwasa a sama. Saitin na wane fetur ne?

Mai Mustang: Na mai lambar okten 93 ne. To in na fahimta, zan fara da allura a wajen 5800 a giya ɗaya, 6000 a biyu, uku kuma in riƙe har layi in dai ban kusa limita ba, daga nan in rinƙa matsawa kaɗan kaɗan ina duba takarda

Mai Camaro: Haka. Kuma 93 ɗin za ka zuba ranar, kar ka yi wasa da wannan tunda an ƙara wuta a saitin.

Tsohon Makaniki: Ka duba bakin mai kafin ka fita, ka duba ruwan kuloci, in ya yi baƙi ka canza, a juyi mai yawa ne kuloci ke ƙin rabuwa sosai giya ta ƙi shiga. Ni dai har yanzu 6500 ɗin nan ban yarda da ita ba.

Sarkin Totur: Baba in ya dawo da 6500 ta fi sauri fa?

Tsohon Makaniki: Ya fara kawo takardar daino tukuna.

Mai Mustang: Zan nemi mai daino cikin satin nan in sha Allah, in na samu zan ɗora hoton a nan Ɗan Lissafi ya duba min. Iskar taya ta baya fa, in rage ko in bar ta yadda take?

Mai Jar Challenger: Tayar titi ce, ka rage kaɗan kawai, in ka rage da yawa tsakiyar tayar lotsawa take ta daina kama ƙasa da kyau. Kuma ka zagaye ruwan da ake zubawa a wurin ɗumama taya, na masu taya mara zane ne, kai in ka shiga zanen tayarka zai kwaso ruwan ya ɗiga maka a layin tashi. Ka tafi da abin awon iska naka, ka mayar da ita daidai kafin ka hau hanya.